Matar Da Ta Ƙi Ba Da Sunayenmu

"Ba zan zuba su a shara ba, Dale."

Misis Arlene Kivela ce ta faɗi haka, ba ta ko ɗago kai daga littafin da take liƙe wa baya ba. Dale Ostrander, sabon shugaban laburaren garinmu na Ansel Harbor, yana tsaye a kanta da takardu a hannu.

"Misis Kivela, ba ni na ce ba, kwamfuta ce ta fitar. Littafi ɗari uku da sha ɗaya, shekara uku ba wanda ya ari ko guda. Dokar gunduma ta ce a kwashe su."

"To kwamfutar ta sauko ƙasa ta kwashe da hannunta."

"Haba, kada ki mayar da ni yaro mana."

"Yo da mene ne kai? A kan wancan benci na sha goge maka majina. Yau ka dawo daga birni da taye a wuya, za ka koya mini littafin da ya mutu da wanda ke da rai?"

Ya ajiye mata takardun, ya ce nan da ƙarshen wata yana son ɗakin ƙasa fayau, za a jera kwamfutoci. Ta ɗora kofin kofinta a kansu, ta ci gaba da shafa gam.

A watan nan da nake wannan rubutu ne ya kamata a yanka mata kek ɗin ritaya. Ba za a yanka ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara talatin da ɗaya Arlene tana buɗe laburaren nan ƙarfe bakwai da rabi. A lokacin sanyi, kafin ta cire safar hannu, sai ta ɗauki shebur ta kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe ƙofar baya, wadda ke kallon tsohon ramin haƙar tagulla. Ƙofar gaba aikin Wendell ne, mai shara da gadin ginin. Ta bayan kuwa ba ta yarda kowa ya taɓa. Da yamma, bayan an tashi daga makaranta da awa biyu, takan sake fita da tsintsiya ta share wurin tas. Mu 'yan matan da ke shigowa ta nan mun daɗe ba mu gane dalili ba. Ashe sawun takalmanmu take gogewa.

Idan ta gama da ƙofa sai ta sauka ɗakin ƙasa. Ɗaki ne mai taga ɗaya can sama, hasken da ke shigowa ta cikinta launin toka ne ko da tsakar rana. Bututun ɗumama ginin suna ƙwanƙwasa a cikin bango kamar wani na neman a buɗe masa. A can ƙurya akwai kanta huɗu da kujera uku, kuma a kan kantocin nan littattafanmu suke: labarin yarinyar da ke jin maganar waɗanda tafki ya ci, da na saurayin da ba ya barin sawu idan ya taka ƙanƙara, da na 'yan matan da ke bin diddigin kisan da manya suka binne. Sihiri ne da asiri da soyayya, irin wanda yarinya 'yar sha biyar ke karantawa zuciyarta na dukan tara-tara.

A gidaje da yawa na garin nan, littafi irin wannan ƙofar shaiɗan ce. Arlene ta koyi haka da tsada. A shekararta ta biyu a aiki ta ara wa wata yarinya guda ɗaya, ta rubuta sunanta a kati yadda ƙa'ida ta ce. Yarinyar ta makara wajen dawo da shi, takardar tuni ta tafi gidansu ta gidan waya, ta faɗa hannun uban. Kafin mako ya zagayo an cire ta daga makaranta an kai ta gonar wata gwaggonta a can kudu. Ba ta sake zama a aji ba.

Tun daga ranar Arlene ba ta ƙara rubuta sunan kowa a kan waɗannan littattafai ba. Ta sauke su ƙasa, ta ajiye kujeru, ta buɗe ƙofar baya. Ba a ara, ba a fita da su, a nan ake karantawa. Idan lokacin komawa gida ya yi, kowace yarinya ta saka alamarta a shafin da ta tsaya: wata gashin tsuntsu, wata takardar alewa, wata busasshen ganye. Littafi ɗaya sai ka ga alama biyar a jikinsa, kuma ba mai taɓa ta wata. A idon kwamfuta littattafan nan gawarwaki ne. Amma duk wata Arlene na ɗinke waɗanda bayansu ya tsage don yawan buɗewa, gefen shafukansu ya yi baƙi da yatsun mutanen da babu su a kowace takarda.

Ke ce, Arlene, kike ganin yarinya ta shigo idonta jajur ki ce, "Kujerar kusa da bututu ta fi ɗumi, 'yata," ki juya baya. Ke ce idan kin haɗu da mu ranar Lahadi a gaban iyayenmu kike gaishe mu kamar ba ki taɓa ganin fuskarmu ba. Rijiya mai murfi, abin da ya faɗa cikinki ya shiga ke nan.

Akwai wata a cikinmu da alamarta shuɗin zaren ulu ne. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi shekarar ba, ba zan faɗi sanadin ba, don garin ƙarami ne. Ta rasu tana tsakiyar littafi na uku na labarin yarinyar tafki, a shafi na ɗari biyu da sha biyu. Ba wadda ta iya cire zaren. Mun daina ɗaukar littafin gaba ɗaya.

Bayan wata biyu Wendell ya hau sama ya tsaya a gaban teburin Arlene, tsumman goge-goge na ɗiga a hannunsa.

"Arlene, zaren nan ya matsa."

"Wane zare?"

"Kin sani sarai. Ran Juma'a da zan kulle na duba, ɗari biyu da sha biyu. Yau Litinin, da sha biyar. Makulli biyu ne a duniya, nawa da naki."

"To kai ne ke karantawa a ɓoye. Ba kunya ba ce, Wendell, saurayin ciki kyakkyawa ne."

"Ni da ko takardar magani sai matata ta karanta mini? Kuma kujerar da ɗumi na same ta, alhali bututu a kashe ya kwana biyu."

Arlene ta dube shi ta saman tabarau. "An yaga shafi?"

"A'a."

"An zubar da abu a kai?"

"A'a."

"To mai karatu ne mai ladabi. Je ka goge benenka."

Daga ranar Wendell ba ya share wannan ƙurya sai rediyonsa na kunne a aljihu. Zaren kuwa bai tsaya ba. Wani lokaci shafi biyu a wata, wani lokaci ya yi rani guda bai motsa ba, sai sanyi ya shigo ya ci gaba. Ni da idona na gani. Wata rana da yamma mu uku muna zaune, ba mai magana, sai muka ji ƙarar juya shafi daga ƙuryar da ba kowa. Muka kwasa a guje zuwa sama. Arlene ta tare mu a bakin bene.

"Ina za ku da gudu kamar an koro awaki?"

"Misis Kivela, akwai wani abu a ƙasa!"

"Shekara nawa kuna karanta labarin matattu kuna kuka don tausayinsu, yau kun ji motsi ɗaya kun zubar da takalma? Ku koma ku zauna. Ɗakin ya ishi kowa."

Muka koma. Ko ta san mai matsar da zaren, ko ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa ji daga bakinta.

Da ƙarshen watan da Dale ya ba ta ya zo, littattafai na nan inda suke, sai aka kira ta gaban kwamitin laburare. Dale ba mugu ba ne, ya nemo mata mafita. Ya ce idan har ana karanta su kamar yadda take faɗa, ta kawo sunayen masu karantawa, ko guda ashirin ne, doka ta ba da dama a bar su. Mutum biyar ne a kwamitin. Uku daga cikinsu 'ya'yansu mata suna da alama a ɗakin ƙasa a wannan ranar. Shugabansu Mista Toivo Rautio, dattijon majami'a, ya yi mata magana a tausashe.

"Arlene, tare muka yi firamare. Ba wanda ke son ganin bayanki. Sunaye kawai, ba za su fita daga ɗakin nan ba."

"Daga ɗakin nan ina kake zuwa, Toivo? Ba gida ba?"

Wani ya yi tari. Dale ya matso da kujerarsa. "To ki ba mu na waɗanda suka girma suka bar gari. Ko na waɗanda suka mutu. Wa zai cutu?"

"Ƙannensu suna nan. Iyayensu suna nan, wasu ma ina kallonsu." Ta gyara zaman jakarta a cinya. "Mai rai ko mamaciya, ba na ba da sunan mai karatu."

"Kin san saura miki wata goma sha ɗaya ki yi ritaya?"

"Na iya ƙirga, Dale. Ni na koya maka."

Aka ba ta kwana uku ta sake tunani. Ba tunani ta yi da su ba. Ta san cikin alamomin nan akwai katin makaranta, akwai guntun wasiƙa da rubutun hannu, abubuwan da uwa za ta gane da kallo ɗaya idan aka zazzage littattafan. Don haka ta sauka ƙasa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara kusan talatin: ta bi littafi ɗari uku da goma ɗaya bayan ɗaya tana zare alamominmu. Wendell ya ce tana zare su ne kamar mai cire wa mutum ƙaya daga ido. Ta zuba su cikin murhun ɗumama ginin. A rana ta uku motar kwasar shara ta tsaya a ƙofar baya.

Na ɗari uku da sha ɗaya bai shiga motar ba. Zaren da ke cikinsa saura shafi tara ya kai ƙarshe. Arlene ta rungume littafin a ƙirji ta fita da shi ta ƙofar gaba, da rana tsaka, a gaban Dale.

"Misis Kivela, wannan kayan gunduma ne. Idan kika fita da shi dole in rubuta."

"Rubuta. Ka sa sunana da manyan baƙi. Wanda ke karanta wannan bai gama ba."

Ya rubuta. Ƙin bin umarni da fita da kayan hukuma, shi ne abin da ke cikin takardar sallamarta.

Littafin yana barandar gidanta yanzu, a kan wata 'yar kanta da ta juya wa titi baya, kuma ba ta sa wa ƙofar barandar sakata. Da na ziyarce ta na tambaye ta ko zaren ya kai ƙarshe. Ta tura mini farantin burodin kirfa ta ce, "Ke da na ji an ce kin gama jami'a, har yanzu ba ki koyi barin abin da ba naki ba?"

Mun gode, Arlene. Mu da muka zauna a kujerun nan muna da yawa, a cikinmu akwai malamar makaranta, akwai nas, akwai mai tuƙa jirgin ruwa a tafki, akwai waɗanda ba su taɓa barin layinsu ba, kuma ba ɗaya da aka cire daga aji saboda bakinki ya buɗe. Duk mai riƙe da makullin wani ɗaki da yara ke fakewa a ciki, malami ne ko nas ko mai gadi, ya dubi matar nan ya san yadda ake riƙewa. Amma ba zan yaudare shi in ce abin kyauta ne ba.

Littattafai ɗari uku da goma sun tafi, an niƙa su. An kore ta saura wata goma sha ɗaya, don haka ba ta sami cikakken fansho ba. 'Yar'uwarta ta ciki ɗaya, wadda mijinta ke zama a kwamitin, ta daina yi mata magana. Tana da shekara sittin da huɗu, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa, kuma kullum tana tsaye awa takwas a kantin kayan abinci tana zuba wa mutane saye-sayensu a leda. Iyayen da ta rufa wa 'ya'yansu asiri suna bi ta gabanta, da yawansu ba sa amsa gaisuwarta.