Dokin Isufu mai wuta

Ku da kuka zo mana gaisuwa, ku canka mini: wane doki ne ba ƙafa, ba ya cin harawa, ya yi shekaru ɗaure cikin rairayin Arlit, ranar da ya yi sukuwa kuma ya ɗauko rai biyu? Ku riƙe, za mu dawo kanta.

Ina tankaɗe da hantsi Rabi ta kira ni. Muryarta kaɗai na ji na aje rariya. Ta ce, "Yaya, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Isufu mai gyaran wutar mota, mijin Rabi, taubashina da muka taso gida ɗaya a Tasawa, ya riga ni. Ya sha cewa shi zai ci gumbata. Ga shi ni ke cin tasa, kuma ba ta haɗiyuwa.

Mutum ne marar gaggawa. In direbobin Cibarakaten suka turo masa mota suna kumfar baki, sai ya ce a murɗa kile a tada inji, ya kara kunne tukuna. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, mu ne ba mu saurare." Matar da injin markaɗenta ya mutu, shi zai bi ta har gida da ƙafarsa, ya gyara, ya sha ruwa ya tafi.

Wani Bature na kamfani da zai koma ƙasarsu ya bar masa wata na'ura mai kama da moto, wato babur, amma ba taya, wai kan ruwa take tafiya. Isufu ya rufe ta da tabarmi a bayan garaji, yana shafe ta kamar amarya. Ni kuwa na samu abin yi. Duk haɗuwa sai na ce, "Sarkin ruwan Arlit, yau kifi nawa?" Ya ce, "Tsohuwa, ranar da kika nema, sai kin durƙusa."

Ranar ta zo. Wata damina ruwa ya sauko daga duwatsu ya cika korin da ke hanyar Dannet. 'Yata Hadiza tana ƙetare, gidan mijinta Agali mai lambu. Da safe Agali ya kira, ya ce naƙuda tun jiya, ɗa ya ƙi fitowa, ruwa ya bar gudu amma ya kwanta, ko raƙumi ba ya ratsawa. Ban san da na isa garaji ba takalmi ba. Na durƙusa kuwa. Ya ce, "Tashi, ba yau ba."

Ya yaye tabarmin, ya ɗauko batirin Toyota ya haɗa wa na'urar, ya danna. Shiru. Ya duba bakin wayoyin, duk sun yi fari kamar an barbaɗa gishiri. "Rabi, jiƙo mini kanwa!" Da kanwar miya ya wanke su, suka yi kumfa, ya kankare ya ɗaure. Fitila ta kama. Ya sake dannawa, shiru. Ni ina ta salati, shi yana bin waya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana cewa, "Wuta ba ta ɓata, hanya take rasawa."

Can ya tsaya kan wani ɗan rami kusa da hannun tuƙi. "Ina jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke rataye a nan?" Rabi ta sunkuyar da kai, ta kwanto ta daga ƙugunta. Ashe ta ga ta yi kyau, ta ɗaure makullan ɗakin hatsi da ita. Ɗan robar da ke bakin igiyar in ba a cusa shi a ramin ba, injin ba ya motsi. Bai tsaya cire makullan ba, ya cusa ya danna. Abin ya yi gurnani, awakin unguwa suka watse, na rangaɗa guɗa.

Aka ɗora a bayan mota zuwa bakin kori. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ya naɗe riga, ya yi bisimilla, ya hau. Ya yi kwana biyu a wuri guda kamar kaza mai farfaɗiya, sannan ya miƙe. Da ya dawo, Hadiza na tsakiya, Agali ya rungume ta ta baya, makullan Rabi na ta kaɗawa. Kafin la'asar ta sauka a gidan likita. Namiji. Sunansa Isufu, angona, ga shi can yana raba muku dabino.

Allah ya jiƙanka, taubashi. Yadda ka buɗe wa 'yata hanya, Allah ya buɗe maka ƙofar Aljanna, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba Rabi da yara haƙuri, ya tsare bayansu. Tsiyar da na yi maka, ka biya ni da alheri, na yafe taka.

Dokin nan kuwa moton ruwa ne. Yana nan bayan garaji, da jar igiyarsa a jiki.