Ƙeyar Direba

Kowa a layin nan Almakashi yake ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta. Ba don sana'ar aski kaɗai sunan ya bi shi ba, ai masu aski suna da yawa. Bakinsa ne ba ya hutawa. Ko babu kai a gabansa za ka ji almakashin yana ƙyas-ƙyas a iska, shi kuma yana ta zuba. Shagon nasa ɗan mitsitsi ne, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta yage an liƙe da salatif, sai madubi mai tabo a kusurwa, da fanka mai ƙara, da dogon benci a jikin bango. Don masu jiran layi aka yi bencin, amma Allah na tuba, rabin masu zama a kansa ba su da gashin da za a aske.

Mutum uku ne suka mallake bencin nan. Akwai Tela, wanda labarin unguwa ke fara isa kunnensa kafin ya isa ga mai shi. Akwai Hedimasta, da ya yi ritaya amma bai daina gyara wa mutane magana ba. Sai Direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan bas ɗin haya har ciwon gwiwa ya sauke shi. Tun suna samari shi da Almakashi suke tare, kuma babu wanda zai ce ya taɓa jin kalma mai daɗi ta shiga tsakaninsu.

Direba ba ya gaisuwa idan ya shigo. Tambaya yake yi ko har yanzu hukuma ba ta rufe wannan wurin ɓata kawunan bayin Allah ba. Almakashi kuwa sai ya kaɗe ƙyallen aski, ya ce ya zo ya zauna a rage wa jama'a abin tsoro. Direba yana da wata irin ƙeya mai ninki biyu, da wani wuri a gefen hagu inda gashin yake murɗewa ya tsiro a baibai. Almakashi yakan ce fasinjojin da suka yi shekaru suna kallon ƙeyar nan daga baya sun cancanci a bi su gida-gida a ba su haƙuri. Idan an gama, Direba ya karɓi ƙaramin madubi, ya duba nan ya duba can, ya ja tsaki ya ce an ɓata shi. Bai taɓa fasa faɗin haka ba, bai kuma taɓa kai kansa wani shagon ba. Lokacin da aka yi masa aikin gwiwa, Almakashi ya rufe shago ya ɗauki kayan aski har gadon asibiti, ya yi masa gyaran fuska yana ce masa raggo. Sannun da ya yi masa ke nan, kuma Direba ya ji ta sarai.

Ana nan sai autar Almakashi, wadda take aikin jinya a ƙasar waje, ta haifi tagwaye. Mijinta a jirgin ruwa yake aiki, sai ya yi watanni bai taka ƙasa ba. Matar Almakashi ce ta fara tafiya wurinta, daga baya takardunsa suka fito shi ma. Ya bar shagon a hannun ƙanin matarsa, wani dattijo mai furfura da ake kira Mai Sanyi saboda ko gobara ake yi ba ya ɗaga ƙafa. Ranar tafiya Tela da Hedimasta suka raka shi har bakin mota. Direba ko tashi daga benci bai yi ba. Ya ce ya je ya ɓata kawunan mutanen can, su ma su ɗanɗana.

Wata uku aka ce zai yi. Wata uku ta zama shekara, shekara ta ja 'yar'uwarta. Kuma maganar gaskiya, zaman ya karɓe shi. Gidan a saman bene yake, ruwan zafi na zuwa da kansa daga famfo, tagwaye suna yi masa dariya da bakinsu marar haƙori. Da hantsi yakan tura su a keken jarirai ya zaga da su filin shaƙatawa, yana ba su labarin mutanen benci kamar suna ganewa. Har aiki ya samu a wani shagon aski da ke ƙasan benen, wasu ranaku a mako. Kujerar wurin da ƙafa ake taka ta ta ɗaga, madubin ya cinye bango guda. Sai dai mutanen can a waya suke kama lokaci, su zo su zauna su sunkuyar da kai kan wayoyinsu har a gama. Abin da ya fara koya a yarensu kuwa bai wuce na gode da yi haƙuri ba. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya wayi gari almakashinsa kaɗai ke magana.

Auta ta saya masa babbar waya, ta koya masa danna nan ka yi magana ka saki. Ya kama abin hannu bibbiyu, ya ce shi ba zai zama cikin waɗanda ke tafiya su manta da mutane ba. Amma nisa ya saka masa wani tsoro da bai taɓa sani ba. Duk sun manyanta. Yau in aka ce ɗayansu ya faɗi, ya zama kalmar ƙarshe da Direba ya ji daga bakinsa ita ce mummuna? Abin ya tsaya masa a rai. Don haka duk lokacin da zai aika wa Direba saƙon murya sai ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya jero gaisuwa tun daga lafiyar jiki har ta iyali da maƙwabta, ya rufe da addu'a.

Tela yana amsa nasa saƙon da labarin wanda ya yi aure da wanda aka kora daga haya. Hedimasta yana amsawa da nasiha kan sanyi da yawan shan shayi. Direba kuwa da farko ya ce lafiya lau, ya gode. Daga nan sai shiru. Ranar da ba a buɗe shagon can ba, Almakashi yakan kira su a ga juna, safiyarsa tana daidai da yammacinsu, lokacin da benci ya cika. Da fuskarsa ta bayyana sai Direba ya ɗaga hannu daga nesa, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce bari ya leƙa kantin magani. Ba ya dawowa sai an kashe.

Abin ya yi wa Almakashi ciwo ƙwarai, ba ƙarami ba. Maimakon ya gane, sai ya ƙara wa gaisuwar tsawo. Ya shiga neman gafara, wai idan akwai abin da ya taɓa faɗa cikin wasa da ya sosa rai, a yafe masa. Ya sami mai zuwa gida ya ba da saƙon abin ɗaure gwiwa mai kyau. Amsa ta zo ta bakin Tela, cewa Direba ya ce an gode, Allah ya saka da alheri. Ranar ko abincin kirki Almakashi bai ci ba. Mutumin da ko rai ka ba shi sai ya ce ya yi masa kaɗan, yau shi ne da Allah ya saka da alheri.

Wata safiya yana tsaye a bakin taga yana ɗaukar wani saƙon, matarsa tana wanke kwalaben madarar tagwaye a bayansa. Ta saurara har ya kai ƙarshe, sannan ta tambaye shi da wa yake magana haka. Da ya ce Direba, sai da ta ajiye kwalbar don dariya.

"Wallahi Malam na ɗauka wani surukin ka yi ban sani ba. Ko Babana, Allah ya jiƙansa, ba ka taɓa gaishe shi haka ba."

Ya ɓata rai, ya gaya mata tsoron da ke cinsa. Ta daina dariyar, ta goge hannu a zani. Ta ce ai ta yi magana da ƙaninta, kuma Direba ya sha jan Mai Sanyi gefe yana tambaya ko wani ciwo ne ya kama Almakashi ake ɓoye musu. Da aka rantse masa cewa lafiyarsa ƙalau, sai ya ce to shi ke nan, ya zama babban mutum ke nan, shi kuwa bai iya hira da manya ba.

"Wannan mai gaisuwar bai san shi ba," in ji ta. "Abokinsa yake jira."

Almakashi ya ce ita ba ta san sha'anin maza ba, amma da ta shiga ɗaki sai ya danna wayar ya gwada. Ya ce Direba mummuna ne. Ya saurari abin da ya ɗauka, ya ji kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ya goge. Ya sake gwadawa, ya sake gogewa. Ashe tsiya ba ta yiwuwa a bakin taga kai kaɗai, sai da mutum a gabanka. Haka ya haƙura, makonni suka shuɗe, shiru yana nan yadda yake.

Ranar da abin ya warware babu wanda ya shirya ta. An soke masa aikin safe, ya ga yana da sarari, ya kira wayar Tela ba a ranar da aka saba ba. Tela yana kan benci ya amsa, kuma da yake shi ma ba gwanin waya ba ne, sai ta buɗe tana kallon gaba maimakon fuskarsa. Abin da ya cika wa Almakashi ido shi ne bayan kujerarsa mai salatif, da mutum zaune a kai an ɗaure masa ƙyalle a wuya. Ko a cikin dubu zai gane ƙeyar nan. Direba ne, aski ya kai rabi, babu halin leƙa kantin magani.

Almakashi ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai fara jero gaisuwa, sai idonsa ya sauka kan hannun Mai Sanyi. Bawan Allah ya ɗora injin aski daga ƙasa yana turawa sama, kai tsaye cikin wurin da gashin ke murɗewa. Har ya riga ya yi rami fari tas a gefen hagu, yana shirin yin na biyu. Yatsun Almakashi suka motsa da kansu. Gaisuwa da addu'a da tsoron mutuwa duk suka bi iska.

"Kai, ɗaga injin nan! Wa ya ce maka daga ƙasa ake shiga ƙeyar nan? Daga hagu ake lallaɓo ta, kamar hanya mai ramuka. Shekara nawa ina rufa wa mummunan kan nan asiri, ka zo ka tona shi a yini ɗaya?"

Mai Sanyi ya tsaya da inji a sama. Direba bai juyo ba. Amma Almakashi ya san ƙeyar nan fiye da yadda ya san fuskar mai ita, ya kuwa ga ninkin nan biyu sun motsa, kafaɗu sun sauka a hankali.

"Tela," in ji Direba, yana kallon madubi, "wane ne yake mana ihu a shago? In wancan maɓarnacin ne, ka gaya masa tun da ya tafi kaina ya samu lafiya." Muryar ta ɗan karye a ƙarshe. Sannan ya ce, "Ashe kana nan da ranka."

Almakashi ya ga hannun Direba ya fito daga ƙarƙashin ƙyalle ya nufi fuska. Sai ya ce wa Mai Sanyi ya dubi aikinsa, ga shi nan ya zuba wa mutum gashi a ido, ya ɗauki buroshi ya kaɗe masa. Mai Sanyi ya kaɗe gashin da babu shi. Daga nan aka buɗe fage. Direba ya ce ya ga ya yi ƙiba kamar buhu, da gani abincin 'yarsa yake cinyewa. Abin ɗaure gwiwar da ya aiko kuwa, ko jaki ba zai ɗaura ba. Tela ya karkato wayar ƙasa da gangan, sai ga shi ɗaure a gwiwar Direba, har ya koɗe don wanki. Suka yi ta yi har tagwaye suka farka, matar Almakashi ta leƙo daga ɗaki ta koma.

Har yau Almakashi yana can. Tagwaye sun fara gudu, sun kuma iya kwaikwayon ƙyas-ƙyas da yatsu, shi kuma bai san ranar dawowa ba, ya ma daina yi wa kowa alkawarinta. Tela yana ci gaba da kawo labari, Hedimasta yana ci gaba da nasiha, kuma su biyun har yanzu da gaisuwa yake fara musu, don su haka suke so. Direba dai ya kafa doka: ba a taɓa kansa sai waya tana kunne. Tela ya riƙe ta daga benci, Almakashi yana tsaye a bakin tagarsa yana ba da umarni, Mai Sanyi yana bi a hankali daga hagu.

Tsoron nan bai tafi ba. Wani lokaci idan an kashe wayar yakan tsaya ya tuna cewa kalmar da ya rufe da ita ita ce mummuna, kuma tana iya zama ta ƙarshe. Sai dai yanzu ya san ko da ta zama, Direba zai san daga bakin wa ta fito.

Ran nan da aka gama askin, Direba ya karɓi ƙaramin madubi, ya duba nan ya duba can, ya juyo da ƙeyar saitin waya don a gani da kyau. Ya ja tsaki ya ce sun ɓata shi, su biyun. Almakashi ya saka wayar a aljihu, ya ɗauki jakar kayan askinsa, ya sauka bene yana murmushi shi kaɗai.