Ranar da Kawu ya fita kallon teku

Duk baƙon da ya sauka gidanmu a unguwar Karantina da ke Jidda, Ummi kan yi masa magana ɗaya tun kafin ya kwance kaya. Kada ka fita tsakanin hantsi da la'asar. Kada ka fita ba ruwa a hannu. Ka riƙe sunan unguwa a bakinka, in ka ɓata ka faɗa wa mai shago ko askari, wato ɗan sanda. Fasfonka ya zauna a jikinka. Alhazai kan yi dariya su ce Hajiya ta mai da su yara. Ita ba ta dariya, don a kan yayanta ta koya.

Ina budurwa Kawu ya zo. Rabon Ummi da shi tun tana ƙarama, ranar da iyayensu suka kamo hanyar gabas da ita a ƙafa, suka bar shi wajen kaka a ƙasar Katsina. Kowace shekara sai ta aika masa da alhazai masu komawa cewa ya zo. Ya iso ta jirgin ruwa daga Sudan, dattijo siriri, ko kalma ɗaya ta Larabci ba ya ji.

Washegari da hantsi ya ce zai je ya kalli teku, don a jirgi jiri bai bar shi ya ɗaga kai ba. Ummi tana bakin murhu ta ce, "Yaya, ka bari rana ta yi sanyi."

Ya ce, "Ni da na tsufa a gona, rana ce za ta hana ni fita?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Fasfonsa na cikin akwati.

Aka yi azahar, aka yi la'asar, shiru. Baba, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, ya tambayi abokan aikinsa kaf, babu wanda ya gan shi. Ni da Ummi muka bi lungunan unguwa, gidajen kwano da katako duk kamarsu ɗaya. Washegari muka je unguwar Ruwais wajen masunta, muka dawo ta kasuwa. Ummi tana tare mutane, ta fara da Larabci ta ƙare da Hausa ba ta sani ba. Wani askari ya saurare ta ya ce, "Tsoho baƙi mai farar riga? Ya Hajja, garin nan cike yake da su."

Ta daina cin abinci. Muryarta ta dishe. In mun zauna hutawa a inuwar wani shago sai ta ce, "Ni na kira shi. Yana zaune lafiya a gidansa." Motoci suka fara kwashe alhazai zuwa Makka, garin yana raguwa, kowace farar riga muka hango sai mun bi ta da sauri.

Wata maƙwabciyarmu mai wanki a asibiti ce ta zo ta ce akwai wani tsoho da direba ya tsinto a hanyar tasha, ba takarda, ba a san ko wane ne ba. Muka same shi a gadon ƙarshe, leɓɓansa sun tsage, bakinsa ya karkace. Rana ce ta buge shi, ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ummi ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni ce." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya motsa hannun da ke aiki ya kama gefen mayafinta.

Ranar Arfa yana kwance a tabarma a ɗakinmu, Ummi na yi masa fifita. Baba ne ya yi masa aikin Hajji da shekara ta zagayo. Kawu bai koma gida ba. Ya zauna da mu, maganarsa ba ta fita sosai, ni nake ba shi kunu da cokali, har Allah ya karɓi abinsa. A Jidda aka binne shi.