Farfela A Garejin Marigayi Sale

Ban ga ranar da zan manta da wata Juma'a ta farkon sanyin bara ba. Ku da kuka zo bayana kuna yi mini dariya in na tsare kwastoma da tambayar rimot nawa ne a gidansa kafin in haɗa batir. To ga inda abin ya samo asali, kuma ku yi haƙuri in na daburce.

Lokacin ban cika shekara ba a shagonmu na bayan titin Wendover. Ina matakin mai koyo, wato ba a tura ni aikin gida ni kaɗai sai da babban makanike. Nawa babban shi ne Baba Yohanna, mutumin Filato, wanda ya roƙi mai shago ya ɗauke ni duk da sakandare kawai na gama. Shi ya koya mini in riƙa cusa jelar hijabina cikin rigar aiki.

Ga wanda bai sani ba, garin nan namu na Greensboro babu teku. Masu kamun kifi a tirela, wato amalanken da mota ke ja, suke jan jiragen ruwansu zuwa gaɓa. Abin da aka kira mu mu ɗaura ƙaramin inji ne na batir da ake sa wa a goshin jirgi. Yana da doguwar sanda, kai a sama, farfela a ƙasa, da rimot ake juya shi. Na ruwan gishiri fari ne, an rufe ko'ina nasa don kada tsatsa ta ci shi. Babban amfaninsa shi ne yana da GPS, na'urar da ke gane daidai inda jirgi yake. In ka danna maɓalli ɗaya sai ya riƙe jirgin a wuri guda, ko da ruwa yana ja.

Gidan a unguwar Sedgefield yake. Wanda ya tarbe mu Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, direban babbar mota. Ya buɗe mana gareji ya ce, "Jirgin yayana ne, Sale. Allah ya yi masa rasuwa."

Muka yi masa gaisuwa. Sai ya ƙara da cewa ai ba a ma ga gawar ba. Da rani Sale ya fita teku shi kaɗai, aka tsinci jirgin yana yawo babu kowa a ciki. An yi masa salla a masallaci ba tare da gawa ba. Injin kuwa shi ya saya da kansa, bai kai ga ɗaurawa ba.

"Innarmu ta zo daga gida," in ji Malam Isufu. "Ta ce tun da babu kabari, sai an kai ta wurin da aka ga jirgin ta yi masa addu'a. Wurin akwai zurfi, anga, ƙugiyar tsayar da jirgi, ba ya kamawa. Gobe Asabar kaɗai gare mu, Litinin za ta koma. Don Allah, Baba, a gama yau."

Baba Yohanna ya ce za a gama. Da muka buɗe kwali ba mu ga rimot ba. Malam Isufu ya ce ya nemi telekomand ɗin, haka yake kiran rimot, har ya gaji. Baba ya ce ba komai, akwai sabo a motarmu.

Aikin ya tafi daidai. Muka auna goshin jirgi, na sa alama, Baba ya huda, na shafa gam mai hana ruwa a ramukan. Muka ja waya zuwa batura, muka sa bireka a tsakani, wato makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya. Da azahar ta gabato Malam Isufu ya tafi masallaci. Can kuma sai Baba ya ga kusoshi biyu na baya sun yi gajere, dole ya koma shago.

"Rabi, ki sauke sandar ki ga ko tana gugar tirela," ya ce. "Ki haɗa sabon rimot ki gwada hagu da dama. Farfela kuwa, kada ki kai hannu sai kin sauke bireka."

"To, Baba."

"Kuma kada ki cinye mini gyaɗata."

Ya tafi. Na yi abin da ya ce. Kan injin ya juya hagu, ya juya dama, lafiya ƙalau. Na tsaya da rimot a hannu ina kallon garejin. Takalman roba na marigayin suna bakin ƙofa, ƙasa ta bushe a jikinsu. Sandunan kamun kifinsa a jere a bango. Wurin yana warin gishiri da man inji. Unguwar shiru, kowa ya tafi aiki.

Sai injin ya yi ƙara, ɗit. Kan ya juya kaɗan.

Na duba yatsuna, ba sa kan kowane maɓalli. Ya sake yin ɗit, ya sake juyawa. Na ce, "Baba?" duk da na san ba ya nan. Kan injin ya ci gaba da juyowa a hankali har ya fuskance ni, ya tsaya. Rimot ya suɓuce mini ya faɗa ƙarƙashin goshin jirgi. Abin da ya zo mini kawai shi ne in ɗauko shi in kashe. Na sunkuya, jelar hijabina ta zamo daga cikin riga, farfela ta tashi.

Ta kama jelar ta naɗe, ta fizgo wuyana ƙasa. Sai ta tsaya. Kafin in ja numfashi ta sake tashi, ta ƙara naɗewa, ta tsaya. Tashi, tsayawa, tashi, tsayawa, kamar mai numfashi. Kuma wallahi a tsakanin nan ina jin murya ƙasa-ƙasa daga cikin bango, muryar mutum, tana faɗin wani abu, farfela tana amsa mata. Fuskata ta kusa taɓa ƙarfen. Ban san yadda aka yi na fizge fil ɗin haɓata ba. Na zare kaina na bar mata hijabin, na fita a guje.

A bakin titi Baba Yohanna ya same ni, kaina a buɗe, na rufe shi da hannuwa biyu ina kuka. Ya kawar da kai, ya cire jaket ɗinsa ya miƙo mini ta baya. Ya shiga ya sauke bireka, ya fito da hijabin a yage.

"Ba zan koma ba," na ce masa. "Mai jirgin ne. Ba ya so a taɓa masa kaya."

"Rabi, fatalwa ba ta iya haɗa rimot ba, ni ma da ƙyar na koya. Injin nan daga kamfani yake zuwa a haɗe da nasa. Wancan da aka ce ya ɓata yana cikin gidan nan, kuma wani yana danna shi."

"Babu kowa a gidan sai tsohuwa."

"To ni namiji ne, mai gida ba ya nan, ba zan faɗa wa tsohuwa ɗaki ba. Ke za ki shiga. In ba mu samo shi ba ba zan ƙara ba injin nan wuta ba, gobe kuma babu tafiya."

Na share hawayena. Sannan na lulluɓa jaket ɗin a kaina na shiga da sallama.

Ɗakin da ke jikin garejin ne. Inna tana zaune a kan darduma, ta jingina da bangon nan dai, ƙaramar tsohuwa, hawaye har haɓa. A hannunta ga farin rimot da igiyarsa a naɗe a yatsunta, tana danna shi da babban yatsa tana cewa astagfirullah, astagfirullah.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, wannan fa?"

"Tasbahar Sale ce, ɗiyata. Irin ta zamani. A aljihun rigarsa na same ta." Ta riƙo hannuna. "Tun zuwana nake ja, ba ta taɓa cewa komai ba. Yau kuwa ina dannawa sai na ji an amsa ta bayan bango. Na danna, aka amsa. Na ce Sale, kai ne? Amma yanzu ya yi shiru."

Na matso kusa da ita. Na yaye jaket ɗin na nuna mata wuyana, inda hijabin ya bar zane ja. Na faɗa mata abin da yake hannunta, da abin da yake amsawa. Ta kalli rimot ɗin, ta kalle ni.

"Ni na shaƙe ki?"

"Ba ki sani ba, Inna."

Ta ciro mayafinta ta ɗaura mini da hannunta, tana tofa mini addu'a a wuya. Ta ajiye rimot ɗin a tafina ta ce, "Tashi ki gama masa aikinsa." Da ba don wannan maganar ba, da ban koma garejin nan ba.

Baba ya goge tsohon rimot daga cikin injin, ya bar sabon kaɗai. Muka ɗaure kusoshin baya. Muna cikin gwajin ƙarshe, rimot biyun suna kan tebur, mu biyu muna kallo, kan injin ya juya a hankali ya fuskanci gabas, wajen teku, ya tsaya. Baba ya ce kamfas ɗin ciki ne, mai nuna gabas da yamma, yake daidaita kansa, sababbi suna yin haka. Ban yi masa musu ba. Amma shi ma sai da ya sauke bireka kafin ya juya wa injin baya.

Kafin mu tafi na mayar wa Inna nata. Ta tambaye ni, "In na danna yanzu, zai amsa?" Na ce a'a, Inna, ba zai ƙara ba. Ta ce to, ta rataya shi a wuya.

Ranar Litinin Malam Isufu ya kira shago. Ya ce sun je. Jirgin ya tsaya cak a wurin, ruwa yana wucewa ta gefe. Inna ta yi addu'arta, ta sa hannu a ruwan ta daɗe, sannan ta ce a koma.

Abin da na koya na sana'a ɗan kaɗan ne: ku tambayi rimot nawa ne, ku goge wanda ba ku gani ba, ku sauke bireka kafin ku sunkuya. Wanda ya fi damuna shi ne ɗayan darasin. Mu kayan muke kallo, waya da kusa da batir, amma jirgin da aka kawo mana akwai mutanen da ke jingine da shi ta bayan bango, ba mu gan su ba. Ni na yanke wa tsohuwar nan muryar da ta ɗauka ta ɗanta ce, kuma daidai na yi, kuma har yau ban ji daɗi ba.