Kujerar Gawa a Jirgin Komawa Gida

A ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo akwai wani dattijo da muke kira Gawa. Ba zagi ba ne, aikinsa ke nan. Tun ina da gashi a ka yake mutuwa a dandamali. An soke shi, an ba shi guba, an taɓa faɗo masa da katakon labule bisa kuskure, ko yatsa bai motsa ba. In ya kwanta, ƙuda na iya sauka a hancinsa ya gama kiwo ya tashi. Da rana gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa bakin tasha, can ma zancensa ba ya wuce "Dawo gobe." Matarsa ta taɓa ce mini da kwanciyarsa a dandamali da zamansa a gida duk ɗaya ne, illa dai a gida yana cin abinci.

Ɗa guda Allah Ya ba shi, makaɗinmu na da. Shekarun baya, a fitarmu ta farko zuwa ƙasar waje, ɗan nan ya ce zai je sayen batir, har yau batirin bai iso ba. Gudun nasa mu ya ja wa. Masu ba da biza suka rufe mana ƙofa, muka daɗe muna wasa a ɗakunan taron makarantu, gaban kujerun roba. Da aka sake gayyatarmu, kuma ƙasar dai ita ce, sharaɗi guda aka kafa wa Darakta: yadda aka tafi haka za a dawo. Mutum ɗaya ya ɓace, ƙungiya ta gama fita har abada.

Ranar da muka sauka Darakta ya tattara fasfo ɗin kowa ya zuba a jakarsa, sannan ya ja ni gefe.

"Ɗakinku ɗaya da Gawa. Ka sa masa ido."

"Ranka ya daɗe, mutumin da ba ya motsi, me zan kalla?"

"Ɗansa ma haka ya yi ta shiru, har ranar batir."

Na ɗauka aikin banza aka ba ni, sai ga Gawa ya fara sabbin halaye. Kullum da safe ya yi wanka, ya taje gemu, ya fice shi kaɗai, ba zai dawo ba sai dab da gwaji. Ya sayi wani jibgegen kwat na sanyi, alhali saura ƙiris mu koma inda ko singileti nauyi take yi. Na kama shi gaban madubi yana koyon gaisuwa da yarensu. Mutumin da bai gama gaida mu da namu ba.

Wata safiya na bi shi. Ya sha kwana, na sha kwana, sai na neme shi na rasa. Na wuce wani shagon tufafi har sau biyu, ina leƙe-leƙe, sai ɗaya daga cikin gumakan tallan kaya da aka jera a bakin ƙofa ya taɓa kafaɗata. Ashe Gawa ne.

"Ƙanena, ɓata ka yi?"

"A'a Kawu, iska nake sha."

"Akwai ta a bakin otal ma," ya ce, ya tafi abinsa.

Sarauniya, babbar 'yar wasanmu, wadda ba ta sauke rawanin ko bayan an rufe labule, ta yanke hukunci tun kafin a tambaye ta. "Kyan ɗa ya gaji ubansa," in ji ta, "amma wannan karon uban ne zai gaji ɗa."

Muna da wata hanya ta ƙirga kanmu. Darakta ba ya kiran suna. Tafi ɗaya zai yi, kowa ya faɗi maganarsa ta farko a cikin wasa, bi da bi, yadda muke shiga dandamali. In zancen ya tsinke, to wani ba ya nan. Da ita muke hawa mota, da ita muke sauka, ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ranar komawa, a filin jirgi, Darakta ya raba fasfo kamar mai raba naman jikinsa. Muka shiga layin bincike, aka ce in cire bel, na wuce ina riƙe da wando da hannu ɗaya, takalma a ɗayan. A bakin ƙofar shiga jirgi Darakta ya tafa. Sarauniya ta fara, na karɓa, saura suka bi, zance ya tafi sumul har ƙarshe. Wasu fasinjoji har tafa mana suka yi. Darakta ya sauke numfashin da ya riƙe tun ranar zuwa.

Sai da na zauna a cikin jirgi na ɗaura bel ɗin kujera, na juya in tsokani Gawa, na ga kujerarsa wayam.

Gawa ba shi da magana a wasa. A wannan wasan ma, kafin a buɗe labule yana kwance. Duk shekarun nan muna ƙirga kanmu, ba mu taɓa ƙirga shi ba.

Na lallaɓa na raɗa wa Darakta. Gumi ya karyo masa cikin sanyin nan. Sarauniya ta kama haɓa. "Sai a koma kujerun roba," ta ce. Ma'aikaciyar jirgi tana bi tana rufe ma'ajiyar kaya ta sama, kowace ta rufe sai in ji kamar a ƙirjina.

Can sai ga shi ya shigo, shi ne na ƙarshe, yana tafiyarsa ta kullum kamar jirgin nasa ne. Ba kwat. A kafaɗar rigarsa akwai wani farin tabo da bai gama bushewa ba. Ya zauna, ya ɗaura bel.

"Kawu, ina ka tsaya?"

"Rakiya aka yi mini."

"Wa ka sani a nan?"

"Mai batir. Da 'yarsa jaririya." Ya dubi tabon, bai goge ba. "Ta ƙi sakin yatsana."

Darakta ya leƙo ta tsakanin kujeru. "Bai ce ka zauna ba?"

"Ya ce. Har ɗaki ya nuna mini, mai taga."

"To?"

"Uwarsa tana jiran labari. Kuma wa zai mutu muku ranar Asabar?"

Tun da na san shi bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Sarauniya ta juya fuska wajen taga, ta ce wai sanyin jirgi ne ke sa mata ruwan ido.

Ni dai abu guda ya tsaya mini. "Kawu, ina kwat ɗin?"

"Na ba shi ajiya."

Ya rufe ido, ya shiga aikinsa. Sai da muka yi nisa a sama, an kwashe kwanukan abinci, ya yi magana ba tare da ya buɗe idon ba.

"Baɗi ma an gayyace mu?"

Na dubi Darakta, Darakta ya dube ni.

Tun daga ranar aka gyara ƙirga. In kowa ya gama faɗin tasa, Darakta sai ya ce, "Gawa?" Shi kuma ya yi shiru, mu duka mu juya mu gan shi da idonmu. Ni har taɓa shi nake yi.