Ramin Da Na Daina Shayarwa

Shagonmu ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, a bakin wani lungu na unguwar Zango, a Damagaram. Ordinater uku, wato kwamfuta, injin kwafi ɗaya, sai benci. Mutane na ce masa siber, amma abin da ya fi ciyar da mu buga takardu ne, kuma wannan aikin matata ne. Ni baki gare ni da zirga-zirga, ita ce mai yatsu. Ɗalibai kan kawo mata hirarrakin da suka ɗauko a ƙauyuka, ta sa abin saurare a kunne, igiyarsa jone da ordinater, tana ji tana bugawa. In ta shiga wannan aiki, ko ganga ka buga a kanta ba ta san kana yi ba.

Intanet ɗinmu daga gidan wani Alhaji yake zuwa. Gidansa a kan dutse yake, ya kuma kafa dogon ƙarfe a saman bene, duk unguwa babu abin da ya kai shi tsawo. Daga can kabul ya taso, ya tsallake lungu ta sama, ya shigo ta tagarmu.

Wanda ya ja mana kabul ɗin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin tarho. Ya ƙi tafiya sai da ya kafa wani ƙaramin akwati a bango, daidai inda kabul ya shigo. Ya buɗe ya nuna mini wasu fararen abubuwa a ciki, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, da hular ƙarfe gaba da baya.

"Wannan shi ne parafudur," in ji shi. "Gas ne a kulle a ciki. In lafiya lau, barci yake, ba ya tare komai. In tsawa ta biyo kabul, gas ɗin sai ya kama, ya buɗe mata hanya ta bi wannan jan ƙarfen ta shige ƙasa, tun ba ta kai ga wanda ke zaune ba."

Ya sa aka haƙa rami a bayan shago. Ba a kai ƙugu ba aka ci karo da dutse, kamar yadda aka saba a Damagaram. Ya girgiza kai, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, aka rufe. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Malam, bido ɗaya na ruwa, wato jarka guda, za ka riƙa zuba wa ramin nan duk Juma'a, har damina ta kankama. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. In ƙasa ta ƙi karɓa, wutar za ta nemi wata hanya, kuma hanyar a cikin ɗakin nan take." Matata na tsaye ta ji da kunnenta.

Na yi wata biyu ina zubawa. Sai bazara ta shigo, famfo ya ɗauke. Wanda bai yi bazara a garinmu ba ba zai gane ba. Mata kan kwana biyu suna jiran layi, ƴan ga-ruwa su zama sarakuna, ruwan da aka wanke shinkafa da shi a ba akuya, na alwala a tara a yi wanki. A cikin wannan hali ne zan kinkimo jarka guda cur, in zagaya bayan shago, in tuttule ta a ƙasa inda ko tsiro babu.

Wata Juma'a ina cikin zubawa sai ga Inna, mahaifiyata, ta leƙo, da maƙwabciyarmu a bayanta riƙe da bokitin da ta zo roƙon ruwa da shi. Inna ta tafa hannu ta ce, "Innalillahi! Kai ɗan nan, aljani kake kiwo a nan? Mutane na neman na sha, kai kana shayar da ƙarfe?" Maƙwabciyar ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta dubi bokitinta. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Ina da saurin fushi, sai na huce a kan dattijon da ba ya nan, na ce tsofaffin ma'aikata da son ƙa'idar banza.

Daga ranar ban sake zubawa ba. Duk Juma'a matata kan tambaye ni, "Maigida, an ba ramin ruwa?" In ce mata an ba shi. Sau tara na faɗi haka, ina sane da kowanne.

Ranar da abin ya faru na tafi kasuwar Mirriya sayo wa Inna gero. Bayan azahar ina tsugune gaban mai awo, sai na ji iska ta canza, ta yi sanyi. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Kasuwa ta ɗauki murna, manoma na ta hamdala, hadarin farko ke nan na shekara. Ni kuwa sai na tuna da ramin. Na san hadarinmu daga gabas yake tafiya yamma, wato Damagaram ya nufa. Na san matata na da aikin da za a karɓa da yamma, ba za ta tashi daga kujerar nan ba. Kuma na san ba za ta ji tsoron komai ba, domin ta yarda akwatin na tsaronta, ni na sa ta yarda.

Na kira salularta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, na sake. Ina ganinta a raina, kunne a toshe, salula a cikin jaka. Na kira salular Inna, a kashe. Na bar geron a gaban mai awo na ruga tasha.

Motar hayar saura mutum huɗu ta cika. Na ce wa direba ya tashi, ni zan biya kuɗin kujerun. Ya dube ni ya ce, "Haba patron, wuta ake yi a gidanku?" Na ce masa ƙila. Muka hau hanya, hadari na bin mu a baya. Duk walƙiyar da aka yi sai in jira ƙarar, kuma kowace ƙara ta fi ta baya kusa. Wata tsohuwa a gefena na ta addu'ar Allah ya sa ruwan ya sauka a gonarsu. Ni ina addu'ar Allah ya sa a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwarmu, ko matata ta tashi daga kan na'urar. Ban taɓa roƙon a ɗauke wuta ba sai ranar. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, amma ita ce a ƙarƙashinsa. Na yi ta danna lambarta, ba a ɗauka.

Kafin mu shiga gari hadarin ya wuce mu. Iska ta taso da leda da kwalaye, ɗigon ruwa bai fara ba tukuna. Na sauka na tare ɗan kabu-kabu, ya ce shi ba ya tuƙi a cikin tsawa, ya fake a rumfa. Sai na sa gudu da ƙafa, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ba.

Ina shan kwanar lungunmu duniya ta yi fari fat. Ban ji ƙarar a kunne ba, a ƙirji na ji ta. Na tsinci kaina a durƙushe, na ɗaga kai na ga hayaƙi na tashi daga ƙarfen Alhaji, kabul ɗinmu ya tsinke yana lilo a tsakiyar lungu. Taku ashirin ne zuwa ƙofar shagon, amma na ji tsoron isa, wallahi na ji tsoron abin da zan tarar. Kururuwar Inna ce ta tashe ni.

Ɗakin na warin ƙonanniyar roba. Matata na kwance a ƙasa, kujera ta kife a kanta, abin sauraren ya narke ta gefe ɗaya. Na kira ta, na girgiza ta, ina salati ina kuka. Sai ta buɗe ido ta dube ni kamar ba ta san ni ba, jini na ɗiga daga kunnenta na hagu. A lokacin ne ruwa ya kece.

Ta kwana huɗu a likita, wato asibiti. Allah ya bar mana ita, amma aka ce kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba.

Dattijon ya zo dubiya, daga nan ya wuce shago ni kaɗai da shi. Ya buɗe akwatin, fararen ƙwayoyin sun yi baƙi, ɗaya ta tsage. Ya ce, "Sun yi aikinsu, sun buɗe hanya." Ya zagaya baya ya tona ramin da hannunsa. Saman ƙasar ne kawai ya jiƙe da ruwan sama, ƙasan kuwa gawayi ne busasshe yana ƙura. Ya damƙo shi ya nuna mini, ya kakkaɓe hannu ya tafi. Bai zage ni ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

Matata ta ɗauka ƙaddara ce tsantsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce, "Mun yi duk abin da aka ce mu yi, maigida bai taɓa fashin Juma'a ba, amma abin da Allah ya rubuta ba makawa." Ina zaune a gefe ina amsa amin.

Bayan mako biyu, da hantsi, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a tire, na tattara ƙarfin halina na faɗa mata komai: maganar Inna, bokitin maƙwabciya, Juma'a tara. Na gama ina jiran ta ɗago. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Sai na lura ta hagunta nake zaune, wajen kunnen da ya mutu, kuma na san tun da na zauna na sani.

Na yi tunanin in bar maganar haka, tunda ba ta ji ba. Sannan na tashi, na ɗauki kujerata, na zagaya na ajiye ta a damanta. Ta ɗago tana murmushi ta ce, "Maigida, magana kake yi?"

Na ce mata e, ta ajiye tiren.