Dodon da Yake Sallama

Kwana tara Hafsa, 'yata ta fari, ta yi ba ta yarda ta zauna kusa da ni ba. Shekarunta shida a lokacin. In na shigo gida sai ta laɓe bayan uwarta, in na miƙa mata alawa ta ce a ajiye a ƙasa. Ni na jawo wa kaina, kuma a kwanakin nan na yi ta tuna Dada, kakata ta wajen uba, da tatsuniyoyin da take yi mana a gidanmu na Yakasai.

Da an sauke tuwo an yi isha'i, Dada ba ta bari garwashin murhu ya mutu. Sai ta ja tabarmarta kusa da shi, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni "maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika, wai ta yi dacen miji sai dai rago ne. Kafin ta fara takan ce, "Ga ta nan a zaure, wa zai buɗe mata?" Mu haɗa baki mu ce, "Mun buɗe, ta shigo!"

Wadda muka fi roƙo ita ce ta marini. Wai an yi wani marini da yake tashi daga aiki bayan kowa ya watse. Ran nan yana rufe ramin rininsa sai ya ji murya daga ciki: "Salamu alaikum, in fito?" Ya ce, "Ba yau ba." Washegari muryar ta yi masa sallama a ƙofar gari. Jibi a bakin lungu, gata a zaure. Kullum amsarsa ɗaya, ba yau ba. A rana ta biyar ya yi baƙo daga ƙauye, mutum mai ladabi da ba ya jin sallama ya ƙyale. Suna cikin cin tuwo aka ce daga bayan labule, "Salamu alaikum, in shigo?"

A nan Dada take rage murya har sai mun matso kanmu ya kusa haɗuwa. "Baƙo bai san komai ba," in ji ta cikin raɗa. "Ya haɗiye loma, ya goge baki, ya ce, bisimilla, shigo mana. Sai labule ya motsa. Sai ga wani hannu shuɗi... sai CARAF!" Ta cafke ƙafar wanda ya fi kusa. Ihu, tuntsure, wani ya taka kwano, gwaggona ta leƙo tana faɗa. Wanda aka kama kuwa cinyar Dada ce tasa har a tashi. Ta ba shi ruwan randa a moɗa, ta kira sunansa sau uku ya amsa, ta ɓare masa dankalin da ya fi girma. Wallahi har rige-rigen zama kusa da ita muke yi.

Muka girma, waya ta zo hannun kowa, sai ga irin waɗannan bidiyon na tsoratarwa. A turo maka a ce ka duba da kyau, akwai abin mamaki a ƙarshe. Wata hanya ce shiru, ko ɗaki babu kowa. Ka kafa ido, ka kawo wayar kusa da hanci, kwatsam wata mummunar fuska ta cika gilashin da ƙara. Ba zan yi munafunci ba, na so abin nan ƙwarai. A majalisarmu ta Ƙofar Na'isa na ga Malam Sabo tela, dattijo da gemunsa fari, ya watsar da shayi yana salati. Muka yi dariya har da hawaye, shi ma da ya dawo hayyacinsa ya fi kowa ƙyaƙyatawa, ya ce, "Ɗan nema, turo min in kai wa surukina." Magidanta da kunya ba ta barin su ce sun ji tsoro, sai ga su sun koma yara na minti ɗaya. A raina ina cewa ai tatsuniyar Dada ce ta shiga waya.

Da wannan tunanin na kira Hafsa wata Asabar da hantsi. Tana son mage kamar me, sai na ce, "Zo ki ga 'yar mage tana shan nono." Ta rugo ta hau cinyata, ta riƙe wayar da hannu biyu. Da fuskar ta fito ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta jiƙa wandonta. Ni kuma, Allah ya yafe min, dariya ta kuɓuce min kafin in lura da idonta.

Da abin ya kai mako na tafi Yakasai. Dada ta tsufa sosai, ido ya tafi, amma baki na nan daram. Na ba ta labari, ina jiran ta goya min baya.

"Ai ke kika koya mana," na ce. "Sau nawa kika cafke min ƙafa?"

"Ji min ƙarya da rana tsaka! Maigida, na taɓa ce maka zo ka ga mage?"

Ta ci gaba:

"Dodona tun daga ramin rini yake sallama, har sau biyar. Mai tsoro ya tashi ya tafi ɗakin uwarsa, na taɓa hana wani? Wanda ya zauna, shi ya miƙo ƙafarsa da kansa. Kai kuwa ka kira yarinya da abin da take so." Ta lalubo hannuna. "Da ta yi ihun, me ka yi?"

"Dariya."

Ta saki hannun. "To dodon nan za ta manta shi. Kai ne yanzu ba ta san lokacin da kake faɗin gaskiya ba."

Maganar ta yi min ciwo don babu inda zan kauce mata. Na koma gida na yi abin da ban taɓa ganin uba ya yi ba a gidanmu: na durƙusa gaban 'yar shekara shida na ba ta haƙuri. Bayan kwana biyu ina karin kumallo ta zo ta zauna a gefen tabarma, ta tsoma ƙosai a kununa.

Har yanzu ban ga laifin wasan ba tsakanin manyan da suka san juna. Hafsa ma, da take shekara goma sha ɗaya yanzu, ina jin ta da ƙawayenta suna tsorata juna suna shewa. Mun shirya, muna hira, ni nake kai ta makaranta. Sai dai akwai abin da bai koma yadda yake ba, kuma ni kaɗai nake lura da shi.

Bayan rasuwar Dada, ƙanina ya turo min hotonta na ƙarshe, tana zaune a rana tana dariya da bakinta ba haƙori. Na ɗaga kai na ga Hafsa za ta wuce, na ce, "Zo ki ga Dada." Ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kalli wayar ba, fuskata ta ƙura wa ido.

"Baba, ka rantse?"

Sai da na rantse mata sannan ta matso.